Yadda Ake Tsayawa da Mota Mai Giyar Otomatik a Cikin Cunkoso: Bayani ga Direbobin Janbako da Kewaye

Gabatarwa

A shekarun baya, kusan duk wanda ya koyi tuƙi a Janbako da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Maradun, Talata Mafara da Bakura, a kan mota mai kuloci ya koya. Motocin Fijo ƙirar 504 da 505, waɗanda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975, da a-kori-kura masu jigilar kayan gona, su ne makarantar direbobin wancan zamani. A irin waɗannan motoci, idan aka tsaya sai a taka kuloci, a mayar da giya firi, a ja burkin hannu, shi ke nan.

Mota mai canza giya da kanta, wadda aka fi sani da otomatik, ba sabuwar aba ba ce a duniya, domin kamfanin General Motors na Amurka ya fitar da ita kasuwa tun 1939. Amma a wannan yanki namu sai da motocin Kwatano da na Beljiyam suka yawaita sannan ta zama ruwan dare. A yau da yawa daga cikin Camry, Corolla, Accord da Sienna da ke bin hanyar Gusau zuwa Sakkwato otomatik ne, haka kuma wasu daga cikin motocin ofisoshin gwamnati. Direbobi da dama sun shiga wannan sabuwar mota da ɗabi'ar tsohuwa, wasu kuma ba su taɓa samun wanda ya yi masu bayanin yadda take aiki ba. Tambayar da aka fi yawan yi ita ce: idan an tsaya a cunkoso, a bar giya a D ne, ko a mayar da ita N, ko kuwa a kai ta P? Amsar ta danganta ne ga tsawon tsayuwar, da yanayin wurin, da kuma abin da direban ke shirin yi da jikinsa a lokacin.

Abin da ke gudana a cikin motar idan ta tsaya

A jikin sandar giya akwai haruffa huɗu da kowace mota take da su. P na ajiye mota ne, R na ribas, N shi ne firi, D kuma na tafiya gaba. Wasu motocin suna da ƙarin L ko 2 ko 3, waɗanda ake amfani da su wajen hawa da gangara ko cikin taɓo.

A tsakanin injin da akwatin giya, inda mota mai kuloci take da faifan kuloci, otomatik tana da wani tulun ƙarfe mai kama da ƙwarya biyu da aka kife, cike da man giya, wanda kanikawa ke kira kwambata. A cikinsa akwai farfela biyu suna fuskantar juna. Injin yana juya ta farko, ita kuma tana watsa mai da ƙarfi a kan ta biyu, ta biyun ta juya ta tura tayoyi. Misalinsu kamar fanka biyu ne da aka ajiye fuska da fuska, aka kunna ɗaya, iskarta ta riƙa juya ɗayar. Da yake mai ne ke haɗa su, ana iya danne tayoyi da burki injin bai mutu ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa otomatik ba ta buƙatar kuloci na ƙafa.

Abubuwa biyu ke biyo bayan wannan, kuma a kansu duk sauran bayanin ya ginu. Na farko, muddin giya tana D ko R kuma injin yana aiki, motar ba ta daina ja ba. Ko da direba bai taɓa totur ba, da zarar ya sassauta burki za ta fara rarrafe da saurin tafiyar mutum ko fiye da haka. Ƙafar direba ce kaɗai ke riƙe da ita. Na biyu, lokacin da farfelar farko ke juyawa ta biyu tana tsaye, man da ke tsakaninsu yana gurzuwa yana ɗaukar zafi. A sulo, wato lokacin da injin ke juyi 600 zuwa 800 a minti, wannan zafi kaɗan ne, kuma an ƙera motar ta iya jure shi. Sai an haɗa shi da doguwar tsayuwa, da zafin rana, da lagireto mara lafiya, sannan yake zama matsala.

Gajeriyar tsayuwa

Idan tsayuwar ta ɗan lokaci ce, kamar jiran garken shanu ya tsallaka titi, ko jiran danja a Gusau, ko cunkoson da ake matsawa taku-taku, abin da ya dace shi ne a bar giya a D, a danne burki sosai da ƙafar dama. Babu wata illa da wannan ke yi wa akwatin giya. Akwai masu cewa dole ne a mayar da giya N a duk tsayuwa don kada ta ƙone. Wannan al'ada ce da aka gado daga mota mai kuloci. Kowane sauyi daga N zuwa D yana sa faya-fayen da ke cikin akwatin su kama su saki, don haka wanda ke yin sa sau hamsin a tsakanin farkon kasuwa da ƙarshenta bai hutar da komai ba. Har ila yau yakan jawo kuskuren da aka saba gani: layi ya motsa, na baya ya matsa oda, direba ya taka totur alhali giya tana N, injin ya yi ruri, sannan cikin gaggawa ya ja sanda zuwa D. Motar takan zabura gaba da ƙarfi, kuma wannan zaburar tana cin faya-fayen giya fiye da tsayuwar awa guda.

Ƙafar dama ita kaɗai ke aiki a wannan mota, ita ce ta burki, ita ce ta totur. Ƙafar hagu ta zauna a mazauninta. Wanda ya saba da kuloci, idan ya razana, ƙafarsa ta hagu takan nemi abin takawa, ta faɗa kan burki da dukkan ƙarfinta, na baya ya afka masa. Wanda kuma ya saba tuƙi da ƙafa biyu yakan taka burki da totur a lokaci guda ba tare da ya sani ba.

Sannan a bar tazara. Ma'aunin da ya fi sauƙin riƙewa shi ne direba ya tsaya inda yake ganin tayoyin bayan motar da ke gabansa suna taɓa ƙasa. Idan babbar mota ce a gaba, tirela ko tifa, a ƙara tazarar, domin sukan ɗan koma baya kafin su tashi, kuma direbansu ba ya ganin ƙaramar motar da ta manne masa.

Ranar kasuwa da shingen bincike

Mutumin Janbako ba ya haɗuwa da irin cunkoson Kano ko Legas. Nasa cunkoson yana da wurare sanannu, kuma mafi girmansu shi ne ranar Talata, ranar cin kasuwar Talata Mafara, inda motocin hatsi da na dabbobi, da babura, da amalanke, da masu tafiya a ƙasa suke haɗuwa da matafiyan babbar hanya. A irin wannan wuri haɗarin da ya fi kusa ba na akwatin giya ba ne. Yara masu tallar ruwa da gyaɗa da rake suna ratsawa ta tsakanin motoci, wasu tsayinsu bai kai a gan su sosai ta saman bonet ba. Direba ya leƙa ta taga yana ciniki, ko ya juya yana neman canji a aljihu, ko ya miƙa hannu kujerar baya, ƙafarsa ta ɗan ɗaga daga burki bai ji ba. Motar da nauyinta ya haura tan ɗaya, ko da rarrafe take yi, ta isa ta matse ƙafar yaro a jikin bamban motar gaba. Saboda haka ƙa'idar ita ce: duk lokacin da idon direba ko jikinsa zai bar fuskantar gaba, to giya ta bar D tukuna. A mayar da ita N a ja burkin hannu, ko a kai ta P.

Wannan ƙa'ida ta fi ƙarfi a shingen jami'an tsaro, waɗanda suke da yawa a hanyoyin yankin. Idan jami'i ya ɗaga hannu kawai ya duba ya ce a wuce, D da burki sun isa. Idan kuwa ya nemi takardu, ko ya ce a buɗe but, ko ya ce a sauka, sai a tsaya cak, a ja burkin hannu, a sa giya a P, sannan a miƙa hannu zuwa inda takardun suke. Aljihun takardu yana gefen fasinja, kuma miƙewa zuwa can tana janye ƙafa daga burki. Motar da ta motsa gaba ba zato alhali mai bindiga yana tsaye a gabanta, ba shi da hanyar sanin cewa kuskuren ƙafa ne. Da dare kuma a rage hasken manyan fitilu tun daga nesa, a kunna fitilar cikin mota domin a ga waɗanda ke ciki.

Akwai tsayuwar da hukuncinta ya bambanta da duk waɗannan. Jama'ar wannan yanki sun san halin rashin tsaron da aka sha fama da shi a hanyoyi. Idan direba ya tarar da motoci sun tsaya a daji, nesa da gari, bai san dalili ba, kada ya kashe injin, kada ya sa P, kuma kada ya manne wa ta gaba. Ya tsaya da nisa inda yake da filin juyawa, giya a D, ƙafa a burki, ƙofofi a kulle, har sai ya tabbatar da abin da ke faruwa. A nan ɗan man da za a ƙona ba abin lissafi ba ne.

Doguwar tsayuwa

Idan alamu sun nuna tsayuwar za ta wuce minti ɗaya ko biyu, kamar tirela ta lalace ta tare hanya, ko ruwan damina ya cinye gefen kwalbati ana wucewa ɗaya bayan ɗaya, ya fi kyau a mayar da giya N a ja burkin hannu. Amfanin haka uku ne: ƙafa ta huta, injin ya rage nauyin da yake ja, kuma da dare jajayen fitilun burki su daina kashe idon na baya. Sharaɗin shi ne burkin hannun ya kasance yana kamawa. Motoci da yawa a karkara igiyar burkin hannunsu ta saki ko ta tsinke an bar ta haka, saboda masu su sun dogara da P. Wanda motarsa take haka, to kada ya ɗaga ƙafa daga burki a N, domin a firi babu abin da ke riƙe da mota, kuma gangarar da ido ba ya gani ta isa ta tafi da ita.

Ba a son a riƙa kai giya P a tsakiyar layin da ke motsi. Sandar tana bi ta kan R a zuwa da dawowa, farar fitilar ribas ta haska ta rikita na baya, kuma idan aka bugi motar ta baya tana P, abin da ke kulle giyar yana iya karyewa. Amma idan tsayuwar ta zama jira, kamar layin gidan mai, ko jiran shugaba ya fito daga taro, to P ce da burkin hannu, sannan a kashe injin. Ƙaramar mota a sulo tana shan abin da ya kama daga rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a awa, gwargwadon girman injinta, kuma na'urar sanyaya ɗaki tana ƙara wannan. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wannan lissafi ya daina zama ƙarami, ko ga mai motar kansa ko ga baitulmalin ƙaramar hukuma. Bayan asarar mai, barci a cikin mota a rufe da injin yana aiki yana da haɗari, musamman a gareji ko idan salansa ta huje, domin hayaƙin yana ɗauke da iskar da ba ta da wari kuma tana kisa.

Sai dai ba a kashe injin mota tana tafiya, ko da a hankali take gangarawa cikin layi. Idan injin ya mutu, ƙarfin da ke taimakon burki yana ƙarewa bayan taku ɗaya ko biyu, sitiyari kuma ya yi tauri.

Tsayawa a hawa ko gangara

Abin da ke kulle mota a P wani ɗan harshen ƙarfe ne da bai wuce girman yatsa ba, wanda ke faɗawa tsakanin haƙoran wani garmaho a cikin akwatin giya. Ba burki ba ne. Idan aka sa P mota ba ta gama tsayawa ba, za a ji ƙara kamar ana gurza ƙarfe, wani lokaci kuma harshen ya karye. Idan aka tsaya a gangara aka sa P aka saki burki ba tare da burkin hannu ba, dukkan nauyin motar da kayanta yana komawa kan wannan ɗan ƙarfe. Shi ya sa sandar takan ƙi fita daga P, idan ta fita kuma a ji wani ƙwas mai ƙarfi a ƙarƙashin mota.

Tsarin da ya dace shi ne a danne burkin ƙafa, a mayar da giya N, a ja burkin hannu sosai, a sassauta ƙafa har motar ta zauna a kan burkin hannun, sannan a sake dannewa a kai giya P. Wajen tashi kuma a danne burkin ƙafa, a sa giya D ko R, sannan a saki burkin hannu. Masu zuwa gonakin noman rani na madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, su fi kowa kiyaye wannan, domin hanyoyin da ke bin gefen magudanan ruwa siriri ne, kuma motar da ta zame a can ruwa za ta faɗa.

Kuskuren da ya fi cin akwatin giya a hawa shi ne riƙe mota da totur. Direba ya tsaya a hawan gada cikin layi, maimakon ya taka burki sai ya ɗan danna totur daidai yadda motar ba ta gaba ba ta baya. A wannan hali kwambata tana aiki da ƙarfi tayoyi ba sa juyawa, kuma duk ƙarfin injin yana komawa zafi a cikin mai. A taka burki. Idan ana tsoron motar ta koma baya wajen tashi, a riƙe ta da burkin hannu har ƙafa ta koma kan totur.

Zafi da man giya

A watannin Maris, Afrilu da Mayu zafin rana a wannan yanki yakan haura digiri 40, kuma a lokacin ne raunin mota ke bayyana a cunkoso. A mafi yawan waɗannan motoci man giya yana bi ta wani bututu a cikin lagireto domin ya huce. Mota tana gudu iska na shiga da kanta, amma a tsaye fanka ce kaɗai ke aikin. Idan fankar ta mutu, ko ruwa ya yi ƙasa, ko ƙurar hunturu da ƙaiƙayi sun toshe fuskar lagireto, injin da giya tare suke ɗaukar zafi. Direban da ya ga allurar zafi tana hawa a layi ya kashe na'urar sanyaya ɗaki, ya mayar da giya N, ya nemi gefe ya tsaya. Kada ya buɗe murfin lagireto sai injin ya huce.

Lafiyayyen man giya a yawancin motoci ja ne garau. Idan ya yi baƙi yana ƙaurin ƙuna, faya-faye sun fara cinyewa. Idan ya koma kamar an zuba masa madara, ruwan lagireto ya shiga cikinsa, kuma bai kamata a ci gaba da tafiya ba. Man kuma ba iri ɗaya ba ne. Tsofaffin Toyota da yawa suna shan T-IV, na baya-bayan nan WS, Honda kuwa tana da nata, wato Z1 da DW-1 da ya maye gurbinsa. Sunan man yakan kasance a rubuce a jikin sandar awo ko a littafin motar. Zuba kowane jan mai da aka samu a bakin tasha ya kashe akwatunan giya da yawa waɗanda aka ɗora wa laifin cunkoso.

A lura kuma cewa ba kowace otomatik ce ke da tsarin da aka bayyana a sama ba. Motocin Nissan da yawa, da Accord mai silinda huɗu daga ƙirar 2013, da mafi yawan Corolla na Amurka daga ƙirar 2014, suna da giyar CVT mai aiki da bel na ƙarfe, kuma manta daban ne. Wasu motocin Volkswagen da Ford kuma suna da kuloci biyu a ciki da kwamfuta ke sarrafawa. Waɗannan na ƙarshe ba sa son rarrafe da rabin burki, domin kulocin yana gurzuwa ya yi zafi. A irinsu a tsaya cak, a bari tazara ta buɗe, sannan a matsa gaba ɗaya. Sababbin motoci masu maɓallin riƙe burki da kansu suna sauƙaƙa wa ƙafa, amma giyar tana nan a D, kuma taɓa totur kaɗan zai sake su.

Ga masu kula da motocin hukuma

Jami'an da ke kula da motocin ƙananan hukumomi, da motocin ɗaukar marasa lafiya, da na masarautu, ya kamata kafin su miƙa makulli su tabbatar direban ya taɓa tuƙa otomatik. Shekaru ashirin a kan mota mai kuloci ba su wadatar ba, wani lokaci ma su ne ke kawo kuskuren. A rubuta sunan man giyar kowace mota a littafinta, tare da ranar da aka canza shi da adadin kilomita, a kuma sa gyaran burkin hannu cikin abubuwan da ake dubawa. A tunatar da direbobi cewa amsa waya a kan sitiyari laifi ne da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, take hukuntawa, kuma a cunkoso ne aka fi samun wannan sakaci.

Idan mota ta mutu a cikin layi

Otomatik ba ta tashi da turi. Famfon da ke tura man giya injin ne ke juya shi, don haka in injin ba ya aiki babu abin da zai haɗa tayoyi da shi, komai yawan masu turawa. Idan batir ne ya yi sanyi, sai a nemi wani batir ko wayoyin jona shi da na wata mota. Kafin a zargi batir a duba sandar giya, domin motar ba ta karɓar makulli sai a P ko N.

Domin kawar da ita daga hanya, a kunna fitilun gargaɗi, a sa giya N, direba yana ciki ƙafarsa a kusa da burki, a tura ta gefe. Idan sandar ta ƙi barin P saboda babu wuta, yawancin motoci suna da wani ɗan rami ko maɓalli a gefen sandar, wanda ake dannawa da bakin makulli ta saki. A ajiye alamar gargaɗi mai kusurwa uku a bayan motar da nisa. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122.

Jan ta da igiya daga Janbako zuwa garejin Talata Mafara, ko daga Lambar Bakura zuwa Gusau, tayoyinta huɗu a ƙasa, yana juya kayan cikin akwatin giya ba tare da mai yana zagayawa ba, kuma motar da ta tsaya saboda ƙaramar matsalar wuta tana iya isa gareji da giya a ƙone. Camry, Corolla da Accord da tayoyin gaba suke ja, don haka gabansu ake ɗagawa. Mai ja da tayoyi huɗu kuwa a ɗora ta gaba ɗaya a kan babbar mota, in kuma hakan bai samu ba, a ɗauko bakanike ya zo inda take.